Sauya Ra'ayi ko Ƙirga Ƙuri'u: 'Yan Siyasar Yammacin Duniya da Batun Auren Jinsi

A watan Satumba na shekarar 1996, Majalisar Dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a a kan wani ƙudiri da ya tanadi cewa gwamnatin tarayya ba ta san wani aure ba sai wanda aka ɗaura tsakanin namiji da mace, kuma ba za a tilasta wa wata jiha ta amince da auren jinsi ɗaya da aka ɗaura a wata jihar ba. Sanatoci 85 suka amince, 14 suka ƙi, bayan da Majalisar Wakilai ta riga ta zartar da shi da ƙuri'a 342 a kan 67. Cikin sanatocin da suka amince har da Joe Biden na jihar Delaware. Shugaba Bill Clinton ya sa wa dokar hannu da tsakar dare, babu 'yan jarida babu biki, amma ba a yi nisa ba sai ga ofishin yaƙin neman zaɓensa yana sa talla a gidajen rediyon Kirista yana tunƙaho da ita. Bayan shekara 26, a ranar 13 ga Disamba 2022, Biden ɗin nan dai, wannan karon a matsayin shugaban ƙasa, ya tara dubban mutane a harabar fadar White House, ya sa hannu a kan dokar da ta soke waccan ta farko.

Ba Biden kaɗai ba ne. A tsakanin waɗannan shekaru manyan 'yan siyasa da dama a Amurka da Birtaniya da Jamus sun yi amai sun lashe a kan auren jinsi, ko a kan bai wa masu irin wannan zama damar ɗaukar yara riƙo. Hukuncin wannan al'amari a addininmu sananne ne ga kowa, kuma ba shi ya sa na zauna yin wannan rubutu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne halin ɗan siyasa idan ya tashi sauya magana, domin a nan an sami mas'ala guda wadda ɗaruruwan 'yan siyasa suka juya a kanta cikin ƙanƙanin lokaci, a bainar jama'a, kuma ranar da kowannensu ya juya tana nan a rubuce. Duk wanda ya jera waɗannan ranaku kusa da alƙaluman jin ra'ayin jama'a zai ga cewa a mafi yawan lokuta jama'a ce ta yi gaba, shugabannin suka biyo sawu, sa'an nan suka fito suna cewa dogon nazari ne ya kai su ga sabon matsayi.

Alƙaluman kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Cibiyar Gallup ta fara tambayar Amurkawa a kan batun a 1996, inda kashi 27 cikin 100 kacal suka ce a halatta auren. A 2004 har jam'iyyar Republican ta mayar da adawa da shi makamin yaƙin neman zaɓe: Shugaba George W. Bush ya nemi a yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar gyara don hana shi, kuma a ranar zaɓen watan Nuwamba jihohi 11 suka amince da irin wannan gyara a nasu kundin. Sai a 2011 ne masu goyon baya suka fara rinjaye a binciken Gallup da kashi 53, kuma zuwa 2021 sun kai kashi 70.

Labarin Barack Obama ne ya fi kowanne bayyana yadda abin ke tafiya, saboda shi ya juya har sau biyu. A 1996, yana neman kujerar majalisar dattawan jihar Illinois daga wata mazaɓa a birnin Chicago, wata jaridar masu neman jinsi ɗaya mai suna Outlines ta aika masa da tambayoyi, ya amsa a rubuce cewa yana goyon bayan halatta auren, kuma zai yaƙi duk wani yunƙurin hana shi. A mazaɓarsa ta wancan lokaci wannan magana ba ta da wani haɗari. Da burinsa ya faɗaɗa, ya nemi kujerar sanatan tarayya a 2004, sai magana ta zama cewa aure na namiji da mace ne, su kuma sauran a ba su wata yarjejeniyar zama da doka ta sani amma ba a kira ta aure ba. A watan Agusta 2008, a cocin Saddleback da ke Kalifoniya, Fasto Rick Warren ya tambaye shi ma'anar aure a gaban dubban mabiya, ya amsa cewa haɗuwa ce tsakanin namiji da mace, kuma a wurinsa na Kirista abu ne mai tsarki wanda Ubangiji ke ciki. Aka yi masa tafi. A ƙarshen 2010 kuma ya fito da wata sabuwar magana wadda ta riƙe shi shekara ɗaya da rabi, wai ra'ayinsa na kan hanyar sauyawa, maganar da ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Abin da ya katse wannan jan ƙafa suɓutar bakin mataimakinsa ce. A ranar Lahadi 6 ga Mayu 2012, Biden ya faɗa a wani shirin talabijin na NBC cewa shi bai ga wata damuwa ba idan namiji ya auri namiji ko mace ta auri mace. 'Yan jarida suka yi wa kakakin fadar shugaban ƙasa caa, suna neman sanin ko shugaba da mataimakinsa sun raba gari ne. A ranar Laraba 9 ga wata Obama ya zauna da wakiliyar tashar ABC ya ce ya kai ga matsayar cewa ya kamata a bari su yi aure, har ya kawo misalin 'ya'yansa mata da ke da ƙawaye waɗanda masu jinsi ɗaya ke riƙonsu. Washegari ya halarci liyafar tara kuɗin zaɓe a gidan ɗan wasan fim George Clooney, inda aka tara kusan dala miliyan 15.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce mutum ne ya yi tunani ya sauya. To amma a 2015 David Axelrod, wanda ya fi kowa kusanci da Obama a harkar dabarun zaɓe, ya rubuta cewa Obama bai taɓa barin ra'ayinsa na 1996 ba, mashawartansa ne suka lallashe shi ya ɓoye, saboda tsananin adawar da ake yi da batun a coci-cocin baƙar fata, waɗanda ƙuri'unsu ba abin wasa ba ne. Obama ya mayar da martani cewa Axelrod ya cakuɗa abin da yake ji a ransa da matsayinsa na siyasa. Ni dai ban ga inda wannan martani ya ƙaryata zancen ba, domin abin da Axelrod ya faɗa ke nan, cewa na zuci daban, na baki daban. Idan haka ne, maganar da aka yi a cocin Saddleback, har da ambaton Ubangiji a cikinta, dabarar zaɓe ce, kuma waɗanda suka tafa a ranar an yi musu rufa-rufa ne.

Da Obama ya ci zaɓen 2012 bai yi asarar komai ba, sai hanya ta buɗe. A watan Maris 2013, daidai lokacin da Kotun Ƙoli ke shirin sauraren ƙara a kan dokar 1996, Bill Clinton ya rubuta a jaridar Washington Post cewa dokar da ya sa wa hannu ta saɓa wa kundin tsarin mulki, a soke ta. Bayan 'yan kwanaki Hillary Clinton, wadda a 2004 ta tsaya a zauren Majalisar Dattawa ta kira aure alaƙa mai tsarki tsakanin namiji da mace, ta fitar da faifan bidiyo na goyon baya. Cikin 'yan makonni sanatocin jam'iyyar Democrat irin su Claire McCaskill da Mark Warner da Jon Tester da Bob Casey suka yi ta fitar da sanarwa ɗaya bayan ɗaya, kusan kullum sai an ji sabon suna. Ba na jin akwai mai hankalin da zai yarda cewa nazarin shekara da shekaru na mutane daban-daban ya nuna a lokaci guda. Kotun ta soke ginshiƙin dokar a watan Yuni 2013, sa'an nan a ranar 26 ga Yuni 2015 ta halatta auren a duk faɗin ƙasar da rinjayen alƙalai 5 a kan 4.

Akwai waɗanda nasu sauyin ya biyo ta cikin gida. Rob Portman, tsohon sanatan Republican daga Ohio, ya zaɓi dokar 1996 lokacin yana ɗan Majalisar Wakilai, kuma a 1999 ya goyi bayan wani yunƙuri na hana masu jinsi ɗaya ɗaukar yara riƙo a birnin Washington. A 2011 ɗansa, wanda ke jami'a a lokacin, ya gaya masa cewa shi ma haka yake. Bayan shekara biyu Portman ya fito ya ce ya sauya, ya zama sanatan Republican mai ci na farko da ya yi hakan, a lokacin da mafi yawan 'yan jam'iyyarsa ke adawa. Ba za a ce ya bi iska ba, domin a cikin jam'iyyarsa iskar ba ta juya ba tukuna. Sai dai an yi masa wata tambaya mai nauyi daga ɓangaren waɗanda ya koma wa: shin 'ya'yan sauran mutane da ya yi ta kaɗa ƙuri'a a kansu ba 'ya'ya ba ne, sai da abin ya shigo ɗakinsa? Haka gidan Dick Cheney, mataimakin Bush, wanda 'yarsa Mary ta auri mace. Shi uban tun a 2004 ya bambanta da maigidansa a kan gyaran kundin tsarin mulki, ita kuwa babbar 'yarsa Liz, da ta tashi neman sanata a jihar Wyoming a 2013, ta fito ta ce tana adawa da auren, abin da ya jawo ɓaraka tsakaninta da ƙanwarta a idon duniya. A 2021 ta ce ta yi kuskure.

Batun riƙon yara shi ne ɓangaren da ba a cika kawo mana labarinsa ba, alhali a ƙasashe da dama shi ne ya fi zafi. Riƙon da ake magana a kansa a can ya bambanta da wanda muka sani, inda gwaggo ko kawu ke ɗaukar yaro ya girma a hannunsu amma yana amsa sunan mahaifinsa. A tsarinsu kotu ce ke yanke alaƙar yaro da iyayen da suka haife shi, ta mayar da shi ɗan wanda ya ɗauke shi ta fuskar suna da gado da komai, wato irin abin da farkon Suratul Ahzab ya hana Musulmi. Saboda haka muhawarar tasu ta ƙunshi mutum na uku wanda ba ya zaɓe kuma ba a tambayarsa. Masu adawa suna cewa kowane yaro na da haƙƙin uwa da uba, masu goyon baya kuma suna nuna dubban yaran da ke hannun hukuma ana yawo da su daga wannan gida zuwa wancan, suna cewa gida tabbatacce ya fi musu.

Jihar Florida ta kafa dokar hana 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo ɗaukar yara a 1977, kuma dokar ta rayu fiye da shekara 30 da wani tufka da warwara a cikinta: jihar na ba su yara su kula da su na wucin gadi, har tana biyan su kuɗin ɗawainiya, amma ba ta yarda riƙon ya zama na dindindin ba. A kan haka ne wani mutum da aka damƙa wa yara biyu 'yan'uwan juna tun 2004 ya kai ƙara. Charlie Crist, wanda ya ci gwamna a 2006 a jam'iyyar Republican, ya goyi bayan haramcin lokacin yaƙin neman zaɓensa, ya kuma goyi bayan gyaran kundin jihar na 2008 da ya hana auren jinsi. A 2010 ya nemi kujerar sanata, ya ga Marco Rubio zai kayar da shi a zaɓen fid da gwani, sai ya fice daga jam'iyyar ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Yanzu ƙuri'un da yake buƙata na wasu mutane ne daban. Da kotun ɗaukaka ƙara ta soke haramcin a watan Satumba na shekarar, nan take ya sanar cewa jihar ta daina aiki da shi. A ƙarshen 2012 ya shiga jam'iyyar Democrat, a 2013 ya goyi bayan auren, daga baya har ya nemi gafara. Mu da muka saba ganin ɗan siyasa ya kwana a wannan jam'iyya ya wayi gari a waccan, mun san cewa mai sauya sheƙa ba ya tafiya da tsofaffin maganganunsa, a bakin ƙofa yake ajiye su.

Mitt Romney kuwa sai da ya zagaya ya dawo. A 1994, yana takara da Ted Kennedy a jihar Massachusetts mai sassaucin ra'ayi, ya rubuta wa wata ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya ta cikin jam'iyyarsa cewa zai fi Kennedy kare musu haƙƙi. Da kotun ƙolin jihar ta halatta auren a 2003, yana gwamna kuma idonsa na kan fadar shugaban ƙasa, sai ya zama jagoran masu adawa. A watan Mayu 2012 ya ce a tashar Fox bai ga laifi ba idan suka ɗauki yara riƙo, washegari ya gyara zance ya ce shi dai ya faɗi abin da doka ta riga ta halatta ne kawai. A 2022, yana sanata daga Utah, yana cikin 'yan Republican 12 da suka taimaka dokar Biden ta wuce da ƙuri'a 61 a kan 36, bayan da cocinsa na Mormon ya ce ya gamsu da kariyar da aka saka wa cibiyoyin addini a cikinta.

A Birtaniya riƙon yara ne ya riga aure da fiye da shekara goma, kuma ya kusa tarwatsa jam'iyyar Conservative. A 2002 gwamnatin Tony Blair ta kawo dokar da za ta bai wa mutum biyu da ke zaune tare ba aure, har da masu jinsi ɗaya, damar ɗaukar yaro tare. Shugaban 'yan adawa Iain Duncan Smith ya ba da umarni mai tsanani cewa kowane ɗan jam'iyyarsa ya ƙi. John Bercow ya ajiye muƙaminsa a majalisar ministocin adawa, 'yan majalisa 8, ciki har da manya irin su Michael Portillo da Kenneth Clarke, suka bijire wa umarnin, wasu da dama kuma suka ƙaurace wa zauren. Washegari Duncan Smith ya kira 'yan jarida ya ce wa jam'iyyarsa ko ta haɗa kai ko ta mutu. Bai cika shekara guda bayan haka ba 'yan majalisarsa suka tsige shi. Shi ɗin nan ne a 2013, yana minista, ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da auren jinsi.

Theresa May, 'yar majalisa a jam'iyyar Conservative wadda daga baya ta zama firaminista, na cikin waɗanda suka ƙi dokar riƙon a 2002. A watan Mayu 2010, kwanaki kaɗan bayan an naɗa ta sakatariyar harkokin cikin gida tare da kula da sashen daidaito, wani daga cikin masu sauraro a shirin muhawara na BBC ya tuna mata da tarihin ƙuri'unta. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce ta sauya ra'ayi, kuma da yau za a sake kaɗa ƙuri'ar da ba haka za ta yi ba, domin ta gamsu cewa zaman yaro a gida mai kwanciyar hankali ya fi zamansa a hannun hukuma. Hujja ce da ake iya tattaunawa a kanta, sai dai hujjar tana nan tun 2002, ita ce ma wadda su Portillo suka kafa. Abin da ya sauya a tsakani shi ne kujerar da take kai da kuma shugaban jam'iyyar.

Shugaban kuwa David Cameron ne, firaministan lokacin, kuma a nan dole in yi masa adalci. Shi ma ya taɓa kare dokar nan ta 1988 da ake kira Sashe na 28, wadda ta hana ƙananan hukumomi yaɗa neman jinsi ɗaya a makarantu, sa'an nan ya nemi gafara a kanta a 2009. Amma lokacin da ya tsaya a babban taron jam'iyyarsa a Manchester a 2011 ya ce yana goyon bayan auren jinsi ne saboda shi ɗan ra'ayin mazan jiya ne mai son a ƙarfafa alƙawari tsakanin mutane, ya san cewa 'yan jam'iyyarsa ba sa so. A ƙuri'ar 5 ga Fabrairu 2013 ƙudirin ya wuce da 400 a kan 175, amma 'yan Conservative da suka ƙi sun fi waɗanda suka amince yawa, da ƙuri'un jam'iyyun Leba da Liberal Democrat ya tsallake. Ko mutum ya yarda da abin da ya yi ko bai yarda ba, ya biya farashi a cikin gidansa, abin da sanatocin Democrat na watan Maris 2013 ba su biya ba. Duk da haka shi ma lissafi yake yi, domin burinsa tun da ya karɓi jam'iyyar a 2005 shi ne ya wanke mata sunan da ta yi na tsattsauran ra'ayi a idon matasa da mazauna birane.

Wadda ta fi kowa iya taku a ganina ita ce Angela Merkel, tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus. A lokacin zaɓen 2013 wani mutum ya tambaye ta a wani zauren talabijin dalilin da ya sa ba za a bar shi da abokin zamansa su ɗauki yaro ba, ta yi ta kame-kame, ta ce abin na yi mata nauyi saboda maslahar yaro. A watan Yuni 2017, saura wata uku zaɓe, jam'iyyun Greens da FDP da SPD suka sanar ɗaya bayan ɗaya cewa ba za su shiga gwamnatin haɗin gwiwa da kowa ba sai an halatta auren. Duk abokan ƙawancen da take iya samu ke nan. A daren Litinin 26 ga wata, a wani taron hira da mujallar mata ta Brigitte ta shirya a wani gidan wasan kwaikwayo a Berlin, wani saurayi ya tashi ya tambaye ta yaushe zai iya kiran abokinsa mijinsa. Sai ta ba da labarin wasu mata biyu a mazaɓarta da ke riƙon yara takwas, ta ce idan hukumar kula da yara ta amince ta damƙa musu yara har takwas, to da wuya gwamnati ta ci gaba da fakewa da maslahar yaro, kuma tana ganin a bar kowane ɗan majalisa ya bi abin da zuciyarsa ta gaya masa.

Jam'iyyar SPD ta cafke maganar tun kafin ta faɗi ƙasa, ta tilasta a kaɗa ƙuri'a a wannan makon. A ranar Juma'a 30 ga Yuni majalisar Bundestag ta amince da 393 a kan 226, mutum 4 suka ƙi ɗaukar ɓangare, kuma 75 daga cikin 'yan ɓangaren Merkel, har da Ursula von der Leyen, suka bi masu rinjaye. Ita kuwa Merkel kyamarori suka ɗauke ta tana jefa jan kati a akwati, wato ta ƙi. Ta gaya wa 'yan jarida cewa ta sauya ra'ayi a kan riƙon yara, amma a fahimtarta auren da kundin tsarin mulkin Jamus ke karewa na namiji da mace ne. Cikin kwana biyar ta ƙwace wa abokan hamayyarta makamin zaɓe, ta share wa kanta hanyar ƙawance, ta kuma riƙe abin da za ta nuna wa masu ra'ayin riƙau na jam'iyyarta. A watan Satumba jam'iyyarta ta sake zuwa ta ɗaya.

A Faransa, inda dubun dubatar mutane suka cika titunan Paris a 2013 suna adawa da dokar da ta haɗa aure da riƙo, tsohon shugaban ƙasa Nicolas Sarkozy ya yi wa masu adawar alƙawarin soke ta a 2014, ya janye alƙawarin a farkon 2016. A Ostireliya tsohon firaminista Kevin Rudd ya juya a 2013, Julia Gillard kuma, wadda ta kaɗa ƙuri'ar ƙi tana firaminista a 2012, sai da ta bar siyasa sa'an nan ta juya a 2015.

Akwai waɗanda sauyin ya bari a tsaye inda suke, suka kuma ɗanɗana kuɗarsu. Hukumar agaji ta cocin Katolika a Boston, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana samar wa marayu gidaje, ta rufe wannan sashe a 2006 maimakon ta ba masu jinsi ɗaya yara kamar yadda dokar jihar ta buƙata. A Birtaniya gwamnatin Blair ta ƙi keɓe hukumomin Katolika daga dokar hana wariya ta 2007, wasu suka daina aikin, wasu suka raba kansu da cocin. A Amurka sai a 2021 Kotun Ƙoli ta ba wata irin wannan hukuma gaskiya a kan birnin Philadelphia, kuma duka alƙalan 9 ne suka amince.

Inda labarin ya taɓo mu shi ne watan Oktoba 2011, lokacin taron ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a birnin Perth, da Cameron ya ce Birtaniya za ta duba rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsi ɗaya. Shekara biyu kacal ke nan da shi kansa ya nemi gafara a kan Sashe na 28, kuma yawancin dokokin da yake ƙorafi a kansu Turawan mulkin mallaka na ƙasarsa ne suka rubuta su, abin da Theresa May ta amsa da bakinta a taron ƙungiyar na Landan a 2018. Barazanar ba ta haifar da abin da yake so ba. Shugaba John Atta Mills na Ghana ya mayar masa da martani cewa ba zai taɓa goyon bayan halatta abin ba, Majalisar Dattawan Najeriya a ƙarƙashin David Mark ta zartar da ƙudirin haramta auren jinsi a ƙarshen Nuwamba na shekarar, Shugaba Goodluck Jonathan kuma ya sa masa hannu a Janairu 2014, da hukuncin ɗaurin shekara 14.

Sai dai ma'aunin da na auna su Obama da shi bai kamata in ajiye shi ba idan na zo gida. Binciken cibiyar Pew na 2013 ya nuna kashi 98 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su yarda al'umma ta karɓi wannan ɗabi'a ba. Ɗan majalisar da ya tsaya tare da kashi 98 bai sadaukar da komai ba, kuma Jonathan ya sa hannun ne ana saura kusan shekara guda zaɓe, a daidai lokacin da gwamnoni biyar suka fice daga jam'iyyarsa. Mai yiwuwa da yawansu har zuci suke magana, amma ƙuri'ar da suka kaɗa ba ta isa ta tabbatar da hakan ba, kamar yadda ƙuri'ar Biden ta 1996 ba ta tabbatar da komai game da zuciyarsa ba.

A Amurkar ma maganar ba ta mutu ba. Dalilin da ya sa aka yi gaggawar dokar 2022 shi ne, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke 'yancin zubar da ciki a watan Yuni na shekarar, Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa ya kamata a sake duba hukuncin 2015 shi ma. Goyon bayan auren a tsakanin magoya bayan Republican, wanda Gallup ta auna ya kai kashi 55 a 2021 da 2022, ya sauko zuwa kashi 41 a 2025. Tun kafin wannan ma an ga alama a Majalisar Wakilai: da aka kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirin a watan Yuli 2022, 'yan Republican 47 suka amince, da ya dawo daga Majalisar Dattawa a watan Disamba, bayan an ƙara masa kariya ga cibiyoyin addini kuma an gama zaɓen rabin wa'adi, sai suka koma 39, kuma cikin waɗanda suka ce e a Yuli akwai waɗanda suka ce a'a a Disamba.